Tambayar da ke Bakin Babanki

Matamaye, ƙarshen kaka.

Zuwa ga ɗiyata Najaha,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da kyakkyawan fata, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki da duk wanda yake kyautata miki a ƙasar da ba ki da uwa, ba ki da gwaggo. Yaya sanyi, yaya kaɗaici? Ƙaninki Suhaibu ya ce yanzu a wajenku rana takan faɗi ba a daɗe da yin la'asar ba. Allah Ya ba ki juriya, Ya tsare miki imaninki da lafiyarki, Ya sa albarka a abin da kika je nema. Na zaɓi in rubuta da hannuna ne maimakon in kira ki, don na san halinmu ni da ke: da mun ji muryar juna sai kuka ya cinye maganar. Suhaibu zai ɗauki hoton takardar ya tura miki ta waya.

Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. An gama girbi, gero ya yi daidai gwargwado, wake ne dai tsutsa ta taɓa. Rake ya fara shigowa daga Dungu, amalanke bayan amalanke, yara duk baki ya yi zaƙi. Sadiyyata ta sauka lafiya, an sami namiji, an raɗa masa Haruna, kuma tana ta tambayar yaushe uwarsa ta Turai za ta zo ta gan shi. Mahaifiyarki Hajiya Balki gwiwa tana damunta, amma kin san ta, ba ta yarda a ce ta zauna. Suhaibu bai tafi cin rani Kano ba bana. Shi yake ɗaga babanku, ya yi masa wanka, ya fito da shi zaure ya sha iska, Allah Ya yi masa albarka.

Jikin babanki, Yaya Munkaila, da sauƙi, shanyewar ɓarin jikin ta ɗan sassauta. Yana cin tuwo da hannun hagu, yana jan ƙafar dama har bakin ƙofa in an riƙe shi, kuma duk abin da aka faɗa a gabansa yana fahimta sarai. Magana ce dai ba ta dawo ba. Daga sunan Allah sai “to”, su kaɗai harshensa yake iya ɗauka. Watan jiya mun sake kai shi Damagaram, likita ya duba shi da kyau, ya ja ni gefe tunda ya san na yi aikin ungozoma a asibiti shekara da shekaru, ya ce mini kada mu ɗora rai a kan dawowar maganar. Ya ce ikon Allah ya fi gaban likita, amma shi abin da ya gani ke nan. Ban ɓoye miki ba, don ke ba yarinya ba ce.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da kika yi wa Suhaibu. Kada ki ga laifinsa, ya riƙe ta har ta fi ƙarfinsa, sannan ya zo ya same ni. Ya ce kin ce ba ki da idon da za ki dubi babanki, wai takardar binciken da kika buga ce ta kwantar da shi, kuma kin yanke shawarar ajiye aikin awon kimiyyar nan gaba ɗaya ki nemi wani abu, ko koyarwa ko aikin kamfani. Tun da na ji haka abinci bai yi mini daɗi ba. Mu a nan muna zaton aiki ne ya riƙe ki, ashe kina can kina ɗauke da dutse a ƙirji ke kaɗai. Akwai abin da ya faru a gidan nan da ba ki sani ba, kuma ya kamata a ce daga bakin babanki kika ji shi. Tunda bakin ya rufe, ni zan faɗa miki, yadda na gani da idona, na ji da kunnena.

Sai na fara daga baya kaɗan, don ki gane abin da lambar da kuka saɓa a kanta take a wurinsa. Ina 'yar budurwa lokacin da Yaya ya sami burs, wato tallafin karatu, ya tafi Faransa. Mu dai abin da muka sani shi ne yana auna iska, har tsofaffin unguwa suna dariya, suna cewa ɗan Alhaji ya ƙetare teku don ya auna abin da Allah Ya ba kowa kyauta. Ya yi shekarunsa, ya fitar da lamba guda, aka buga ta, masu irin aikinku suka riƙa amfani da ita. Sannan ya dawo gida, don mahaifinmu ya tsufa kuma ƙasa tana bukatar malamai. Tun daga ranar bai sake taɓa na'urar awo ba. Ya ƙare ƙuruciyarsa a jami'a a Yamai da alli da allo, yana zana wa ɗalibai hoton na'urorin da ba su taɓa gani ba, shi ma ba zai ƙara gani ba. Bai taɓa yin ƙorafi a gabanmu ba. Amma akwai wani babban littafi na Faransanci da yake da shi, wanda a wani shafi aka jera lambobi, a ƙasa kuma aka rubuta sunansa da ƙananan baƙaƙe. In baƙo mai ilimi ya zo, sai ka ga ya san yadda ya yi hira ta biyo ta kan littafin nan. Ita ce shaidarsa cewa shi ma ya taɓa kama wani abu da hannunsa, ba labarin aikin wasu kawai yake bayarwa ba.

Ke kuma kin san yadda ya ja ki a jiki tun kina lise, makarantar sakandare. Da kika sami gurbi a labon binciken da kike yanzu, har ya ji cewa irin iskar da ya auna ita aka ba ki ki sake aunawa, ya kwana biyu yana faɗa wa duk wanda ya shigo zaure cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A ransa ya gama yarda cewa za ki fito da lambarsa daidai, sai dai ki ƙara mata kyau.

Na san kin kira shi kafin a buga takardarki, kin gaya masa abin da kika samu bai zo daidai da nasa ba. Ina zaune a wurin. Na ji ya ce miki ki buga abin da na'ura ta nuna miki, ilimi ba gadon gidan kowa ba ne. Da gaske yake a lokacin, ɗiyata, amma faɗa da baki daban, gani a rubuce daban. Ranar da Suhaibu ya bugo masa takardar a kan farar takarda ya kawo, ya karanta har ya kai inda kika ce mai yiwuwa tsohon awon ya karkace ne saboda wata baƙuwar iska ta gauraya da wadda aka auna, sai ya ninke ta ya tura ƙarƙashin tabarma. Ya ce da mahaifiyarki wato shi ƙazami ne, bai iya wanke kayan aikinsa ba. A majalisarsu ta bayan la'asar ya riƙa cewa yaran zamani sun ɗauka sabuwar na'ura ita ce hankali. Sauran kin sani: in kin kira sai ya miƙa wa Hajiya wayar, ya ce yana alwala, ko yana da baƙi. Kusan shekara guda ana haka. Malam Abdulra'uf, limamin unguwa, ya yi masa magana, ni ma na yi, na ce masa harshe da haƙori ma suna saɓawa amma baki ɗaya suke kwana. Sai ya ce mini ai shi ba fushi yake ba. Ya fi kowa sanin fushi yake.

A cikin watannin nan nakan je kowace safiya in auna masa jini. Wata rana na ce masa tunda ya hana kowa sakat a kan lamba guda, to ya zauna ya fahimtar da ni mece ce ita. Na yi zaton zai kore ni, sai na ga ya gyara zama, malamin da ke cikinsa ya tashi. Ya ce in ɗauka ga akwati na ƙarfe a rufe ruf, an cika shi da iskar gas, an miƙa siririyar waya a tsakiyarsa an sa mata lantarki mai ƙarfi. Ya ce akwai wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ko madubin likita ba ya kama su, suna ratsa bango da ƙarfe da jikin mutum. In ɗaya ta ratsa akwatin, sai ta riƙa bangazar ƙwayoyin iskar da ke kan hanyarta tana kakkaɓo musu 'ya'yan lantarki, waɗanda kuke ce wa elektiron, kamar yadda akuya in ta kutsa cikin busasshen riɗi take zubar da 'ya'yansa duk inda ta bi. Wayar ta jawo su, na'ura ta ƙirga. Ba a ganin akuyar, sai abin da ta zubar. Ya ce aikinsa shi ne ya gano ƙarfi nawa ƙwayar take kashewa kafin ta kakkaɓo ɗa guda a cikin irin wannan iskar. In an san wannan, duk wanda ya ƙirga abin da ya zuba zai iya faɗin ƙarfin abin da ya wuce. In kuwa lambar ta karkace, duk awon da aka ɗora a kanta ya karkace, kamar tiyar awon hatsi da aka buga wa gindi. Kin fi ni sanin wannan nesa ba kusa ba, in na yi kuskure ki yi mini uzuri. Na rubuta ne don ki san cewa ko a cikin fushin, aikinki ne abin da ya fi son ya yi magana a kai.

Ya kuma bayyana mini inda kuka saɓa. Ya ce tasa lambar ta fi taki ƙanƙanta, wato a akwatinsa 'ya'yan lantarki sun fi zuba. Ke kin ce dalili shi ne wata iska ta daban, ko da ɗigo ce a cikin randa, takan karɓi ƙarfin da zai tafi a banza ta mai da shi 'ya'yan lantarki, sai ƙirga ta yi yawa. Ya ce wannan magana gaskiya ce a ilimi, shi da kansa ya koyar da ita, amma ba a akwatinsa ba, don ya wanke shi da tsabtatacciyar iska har ya gaji. A nan ya tsaya, ya kafe.

Sai ga bazarar bana. Famfo ya ɗauke a unguwarku kwana da kwanaki, Hajiya ta fito da wata tsohuwar jarka daga ɗakin ajiya, ta wanke ta da omo da toka da ruwan zafi, ta shanya ta a rana, aka ɗebo ruwa a ciki. Da safe ina wurin aka kawo masa shayi. Ya kurɓa ya ajiye, ya ce kananzir yake ji. Hajiya ta rantse jarkar nan rabonta da kananzir tun kafin a jawo lantarki gidan, kuma ta wanke ta har hannunta ya yi fari. Ya sa aka kawo jarkar, aka juye ruwan, ya sunsuna, bai ji komai ba. Ya sa aka zuba sabon ruwa, ya ɗanɗana nan take, lafiya lau. Ya ce a rufe a bar ta. Da hantsi ya sake ɗanɗanawa, sai ga kananzir ya fito. Na ga ya riƙe jarkar nan a cinyarsa ya ƙura mata ido, har na tsorata na ɗauko abin awon jini. Ya ɗaga mini hannu ya ce lafiyarsa ƙalau.

Da ya buɗe baki sai ya ce mini tiyo ne. Ya ce a labon da ya yi aiki, tiyon da ke kai iska daga tukunyar gas zuwa akwatinsa na roba ne, kuma gadonsa ya yi daga waɗanda suka riga shi a ɗakin, su kuwa wata iska daban suka daɗe suna turawa ta ciki. Ya ce akwatin ya wanke, tiyon ma ya busa masa iska mai tsabta, amma roba tana sha ne, sannan ta riƙa amayarwa a hankali, kuma shi yakan cika akwatin ya bar shi ya zauna kafin ya fara awo. Ya ce na'urorin wancan zamani ba su iya ganin ɗigo ƙanƙane haka, kuma duk malaman da suka duba aikinsa babu wanda ya kawo maganar tiyo. Ya ce shekara kusan arba'in yana ganin ɗakin nan a idonsa, har launin tiyon yana tunawa, amma bai taɓa dubansa ba sai yau. Ya yi 'yar dariya, hawaye na bin gemunsa, ya ce yarinyar nan ta yi gaskiya.

Najaha, da kin ga babanki a watannin da suka biyo baya. Ya zaro takardarki daga inda ya tura ta, ya karanta ta kamar mai tilawa. Kullum na zo awon jini sai ya tsare ni da labarinki: wai ke bututun ƙarfe kika yi amfani da shi, kin gasa shi da zafi don ya fitar da duk abin da ya sha, kin sa iskar tana zagayawa ta cikin matata ba ta zauna wuri ɗaya ba. Abin da ya fi burge shi, ya ce, da gangan kika ɗiga baƙuwar iska kaɗan kaɗan a cikin taki mai tsabta, har lambarki ta sauko ta zo kan tasa. Ya ce wannan ba ƙaryata shi kika yi ba, kin bi sawunsa ne har kika gano inda ƙafarsa ta zame, kuma wanda bai girmama aiki ba ba zai yi masa wannan wahalar ba. Ya ce ya karanta wurin a karon farko, amma fushi ya rufe masa ido. Ya koma majalisa ya gaya wa abokansa cewa maganar da ya yi a kanki ya janye ta. Ya ce mini wata rana ke ma wani zai zo ya gyara taki lambar, haka aikin yake, kuma yana roƙon Allah Ya sa ki karɓa da fuskar da ta fi tasa.

Za ki ce to me ya hana shi kiran ki. Nan ne abin yake ci mini rai. Ni da Hajiya mun ce masa ga waya, ya kira ki yanzu yanzu. Ya ce a'a. Ya ce abin da ya ɓata da girman kai ba zai gyara shi ta waya ba, inda murya take yankewa ana “kina ji na”. Ya ce a gaban mutane ya rage ki, a gaban mutane zai ɗaga ki. Ya shirya in kin zo hutun damina zai yanka rago, ya tara abokansa da tsofaffin ɗalibansa na kusa, ya zaunar da ke a gefensa ya faɗa da bakinsa. Ya sa ni da mahaifiyarki muka yi masa alkawari ba za mu riga shi ba. Akwai ranar da na ga ya ɗauki wayar, ya nemo sunanki, ya daɗe yana kallo, sannan ya mai da ita aljihu ya ce saura kaɗan ai. Kin san mazan gidanmu, kunyar 'ya'yansu ta fi musu kunyar sarki.

Da kika aiko cewa ba za ki samu zuwa ba, don layi ya zo kanku a babbar na'urar nan mai harba ƙwayoyi, wadda kuka daɗe kuna jira, Hajiya ta ji haushi, amma shi bai ji ba. Ya ce ko shi ne ba zai taso ba, irin wannan dama ba ta jiran mutum, kuma ragon ba gudu zai yi ba. Ya ce a bari sai ƙarshen shekara. Mu duka muka yarda da shi, muka ɗauka lokaci namu ne. Gobe kuwa ta Allah ce.

Ranar da abin ya same shi, da hantsi ne, a garka, wato lambunsa, ya je duba mangwaron da ya yi wa aure. Lafiya lau ya fita, har yana tsokanar Hajiya. A nan nake so ki saurare ni da kyau, ba a matsayin gwaggo kaɗai ba, a matsayin wadda ta riƙe hannunsa tana auna jininsa tun kina lise. Hawan jinin babanki ya girmi takardarki nesa. Magani sai ya ga dama yake sha, gishiri da kilishi kuwa ba ya jin magana a kansu. Mahaifinmu ma haka ta same shi, a kusan waɗannan shekaru, shi da bai taɓa karanta takardar kowa ba. Lokacin da babanki yake fushi da ke yana tsaye da ƙafafunsa. Ya faɗi ne a lokacin da ya fi kowane lokaci farin ciki da ke. In akwai masu cewa wani abu daban, ba su shiga gidan ba, ni na shiga.

Bayan ya kwanta mun ci gaba da riƙe alkawarin, muna sa rai yau ko gobe harshen zai saki ya faɗa miki da kansa, tunda abin da ya fi so ke nan. Da maganar likita ta zo, ga kuma abin da Suhaibu ya kawo mini, sai na je na zauna a gabansa na gaya masa komai. Da na kai inda kika ce za ki bar aikin, sai ya daki tabarma da hannun hagu, ya yi ta ƙoƙarin magana har jijiyar wuyansa ta tashi, abin bai fito ba. Ban taɓa ganin Yaya a irin wannan hali ba, kuma ba na fatan in ƙara gani. Na jira ya huce, na tambaye shi ko ya sake mu daga alkawari, in rubuta miki duk yadda aka yi, har da jarka, har da hawayen. Ya dube ni ya ce to.

Da na sani ƙeya ce, ɗiyata, a baya take. Shekara guda ta tafi a fushi, rabin shekara ta tafi a jiran ranar da ta dace, kuma kalmomin da ya tanada miki, waɗanda na san ya yi ta juya su a ransa yana gyarawa, ba wanda zai ƙara jin su yadda ya so ya faɗe su. Ni abin da na kawo miki ƙanzo ne, tuwon ya tafi. Wannan ba zan ce miki ba asara ba ce. Amma kada ki ƙara mana wata a kanta.

Saura magana guda, ita ce ma ta fi hana ni sukuni. Kafin ya kwanta ya ce mini akwai wuri ɗaya a takardarki da yake so ya tambaye ki. Wai da kuka ƙara matse iskar a cikin akwatin, lambar ta ɗan gusa, kin ba da dalili, shi kuma yana ganin akwai wani dalilin a bayansa. Ya ce ba kuskure ba ne, ƙofa ce ba ki tura ba. Na ce ya gaya mini in riƙe, ya yi dariya ya ce wannan kaya ya fi ƙarfin kaina, sai ke. Bai rubuta ba. Yanzu in an ba shi alƙalami a hagu, baƙaƙen sukan watse masa, ya jefar da shi cikin fushi. Suhaibu yakan buɗe masa takardar shafi shafi, in an zo kan wani zane mai ɗige-ɗige sai ya ɗora yatsa ya yi ta bugawa, yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Mun kira malamin lise mai koyar da kimiyya, yaron kirki, ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ce gaskiya abin ya wuce saninsa. Babanki yana iya gyaɗa kai, yana iya girgiza shi. Abin da ya rasa shi ne wanda ya san tambayar da zai yi masa. Duk garin nan, kai har Damagaram, babu mai jin wannan yare. Ke kaɗai ce za ki zauna a gabansa ki ce ko kaza yake nufi, ya girgiza kai, ki ce to ko kaza, har ku isa.

Don haka ban ce ki zo don a yafe miki ba, babu abin yafewa. Ban kuma ce ki bar aikinki ki dawo jinya ba, muna nan, mun ishe shi. Ki nemi hutu ko na 'yan makonni ne, tun hankalinsa yana garau, don ni da na ga irin wannan ciwo da yawa ba zan yi miki alkawarin shekara ba.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci, hoton da kika turo ta ga ƙashin wuyanki. Suhaibu yana gaisuwa, yana kuma neman afuwa a kan tona maganarki. Alhaji Lawali, maigidana, yana sa miki albarka. Sadiyya da jaririnta, da Malam Abdulra'uf, da Jamila ta maƙwabta wadda kuka yi lise tare, duk suna gaishe ki. Ki gaishe mana da shugabar aikinku da ta riƙe ki da mutunci, Allah Ya saka mata.

In kin tashi tahowa, kada ki cika jaka da tsaraba. Ki taho da takardun aikinki, har da waɗanda ba a buga ba, kada kunya ta sa ki bar su. Mu muna jiran ɗiya, shi kuwa abokiyar aiki yake jira.

Allah Ya kawo ki lafiya, Ya sa ki same shi da sauran ƙarfi. Wassalam.

Gwaggonki mai ƙaunarki,
Rakiya